Mu da Muka San Gudu, Mu Tashi Domin Sudan

 Ina tafe da magana mai nauyi, ina roƙo a saurare ni har ƙarshe.

A birnin Al-Fashir na yankin Darfur, cikin watannin da aka yi wa garin ƙawanya, uwaye sun riƙa ciyar da 'ya'yansu da abincin dabbobi. Busasshiyar tunkuza ce, wadda take saura bayan inji ya matse man gyaɗa, irin wadda ake ɗurawa a buhu a sayar wa masu kiwo. Ita uwa za ta daka, ta jiƙa, ta dama a kan wuta, ta ba yaro ya sha ya kwanta. Tana ɓata ciki, in ta yi funfuna kuma ta zama guba, amma babu wani abin. Daga baya ita ma ta yi tsadar da ta gagari talaka. Tun watan Mayun 2024 dakarun RSF, masu yaƙi da sojan Sudan, suka kewaye garin, har suka tayar da ganuwar ƙasa domin kada abinci ya shiga, kada mutum ya fita. Ranar Juma'a 19 ga Satumba 2025 jirgi maras matuƙi ya saki bam a kan masallaci ana sallar asuba, mutum sama da 70 suka mutu. Ranar 26 ga Oktoba garin ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa an kashe fiye da mutum 460, majinyata da masu jinyarsu, a asibitin haihuwa guda ɗaya. Waɗanda suka tsira suka kama hanyar Tawila da ƙafa, tafiyar kusan kilomita 60, cikin ƙishirwa da shingayen 'yan bindiga.

A majami'u nawa na ƙasarmu aka ambaci sunan Al-Fashir a addu'ar Lahadin da ta biyo baya? A majami'u nawa aka zagaya da farantin baiko dominsu? Kowa ya amsa a zuciyarsa.

Yaƙin ya ɓarke ne a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan, a jajibirin Istar Kibɗawa. Janar biyu ne suka raba gari, Abdel Fattah al-Burhan na sojan ƙasa da Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemeti, na RSF. Tare suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya a 2021, sannan suka juya wa juna bindiga a kan wa zai bi wani. Talakawa suka biya kuɗin rigimar. Sama da mutum miliyan 12 sun bar gidajensu, babu ƙasar da ta kai Sudan yawan masu gudun hijira a duniya. Kusan rabin al'ummar ƙasar na fama da yunwa. A watan Agustan 2024 masana suka tabbatar da cewa yunwa ta kai matakin kisa a sansanin Zamzam, daga baya a yammacin Duwatsun Nuba, sannan a Al-Fashir da Kadugli. Kwalara ta biyo baya. A Jinaina kaɗai, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 a 2023, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit.

Akwai ikkilisiya a cikin wannan wuta. Kiristocin Sudan 'yan tsiraru ne, sun sha wuya a zamanin Omar al-Bashir, yanzu kuma yaƙi ya same su inda ya sami kowa. A watan Mayun 2023 'yan bindiga suka kutsa majami'ar Mar Girgis ta Kibɗawa a Umdurman suka harbi masu sujada. Akbishop Ezekiel Kondo na Angilikan ya bar babbar majami'arsa ta All Saints a Hartum ya koma Port Sudan. A unguwar Shajara, sistocin gidan Dar Mariam sun ƙi guduwa, suka tara mata da yara da tsofaffi suna raba musu ɗan abin da ya rage, har bam ya faɗa wa gidan a Nuwamban 2023. Bishop Yunan Tombe Trille na Al-Ubayyid ya zauna tare da garkensa, a ƙarshen 2024 dakarun RSF suka tare shi a hanya suka yi masa dukan kawo wuƙa. Fada Luka Jomo, limamin Katolika na Al-Fashir, ya tsaya a garin cikin ƙawanya, a nan aka kashe shi a watan Yunin 2025. A Gidel, cikin Duwatsun Nuba, asibitin Mother of Mercy, inda Dokta Tom Catena yake aiki tun 2008, na karɓar yara masu tamowa daga wurare masu nisan kwana da kwanaki.

Wani zai ce Sudan ta yi nisa. To a tambayi kakanninmu. Hanyar da alhazai suka bi da ƙafa da jakuna shekaru aru-aru, daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Njamena, zuwa Abeshe da Adire, a tsallaka Jinaina, a wuce Al-Fashir da Al-Ubayyid har bakin Bahar Maliya, ita ce dai hanyar da 'yan gudun hijira suke bi yau, sai dai su yamma suka fuskanto, wajenmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a gabas suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar, kuma har yau akwai ɗimbin masu magana da Hausa a can da Gadarif da Kassala da Damazin. Yaƙi ya shiga jihar Sinnar a tsakiyar 2024. A cikin masu kukan nan akwai waɗanda da harshenmu suke kuka.

Ta wajen ikkilisiya ma uwa ɗaya ta haife mu. Mishan ɗin SUM, wanda Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, wanda COCIN da wasu ikkilisiyoyin TEKAN suka fito daga cikinsa, shi ne ya kai bishara Duwatsun Nuba, aka sami Sudanese Church of Christ. SIM, wadda ta haifi ECWA, ita ta haifi Sudan Interior Church. Ban da zumuntar ikkilisiya, sojojinmu sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur, Janar Martin Luther Agwai ya jagoranci rundunar, kuma bakwai daga cikin 'ya'yanmu sun kwanta dama a harin Haskanita na 2007. Ɗalibanmu dubbai sun yi karatu a jami'o'in Hartum, mun ga yadda aka kwaso su ta iyakar Masar da Port Sudan a 2023. Mun kwaso namu, muka rufe ƙofa, muka manta da masu masaukin da suka riƙe su.

Amma babban dalilina ya fi duk wannan kusa da gida. Mu mun san gudu.

Ku tuna 2014. A watan Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN. A watan Agusta Gwoza ta faɗi, Madagali ta bi, Michika ta bi. Ranar 29 ga Oktoba aka shiga Mubi da hedikwatar EYN da ke Kwarhi, shugabannin ikkilisiya suka tsere da kayan jikinsu, daga baya suka buɗe ofis a Jos. Wasu suka hau duwatsun Mandara suka gangara Kamaru, har yau dubbansu suna sansanin Minawawo. Mutanen Baga suka tsallaka tafki a Janairun 2015, Chadi ta sauke su kusa da Baga Sola. Duk wanda ya kasance a Yola a ƙarshen shekarar nan ya ga harabar majami'ar St. Theresa da idonsa: tabarmi a shimfiɗe har bakin ƙofa, manyan tukwane a kan murhun duwatsu, layin masu riƙe da kwano tun da sassafe. Mace za ta iso da takalmi ɗaya, ƙafa ta kumbura ta tsage, goye da jaririn da ba nata ba, a hanya ta tsince shi. Magidanci da ya bar rumbu cike da dawa ya tsaya a layi, kansa a sunkuye, yana jin kunyar miƙa hannu. Gidan mai ɗaki biyu ya kwana da baƙi har a zaure da madafa. Wanda ya ga wannan ba ya buƙatar a yi masa bayanin Adire ko Tawila. Ya san warin wurin, ya san kukan dare, ya san yadda uwa take ƙirga 'ya'yanta da safe ta ga babu ɗaya.

Wa ya ciyar da mu a lokacin? Da farko maƙwabta ne da dangi, Allah ya sāka musu. Sannan taimako ya zo daga mutanen da ba su taɓa taka Garkida ba. Church of the Brethren ta Amurka, wadda 'ya'yanta Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ikkilisiya ce ƙarama a can, mambobinta ba su kai na EYN yawa ba. Duk da haka ta buɗe asusu na musamman ta tara miliyoyin daloli. Da kuɗin aka sayi masara da shinkafa, aka yi rufin gidajen da aka ƙone, aka ba manoma iri da taki, aka mayar da marayu makaranta. Manoma ne da 'yan fansho da yaran makarantar Lahadi suka tara shi. Ba su ce Chibok ta yi nisa ba. Mun ci wannan abinci, 'ya'yanmu sun rayu da shi, bashi ne a wuyanmu, kuma waɗanda suka ba mu ba su nemi a mayar musu ba. Ga inda za a biya shi, can gabas da Chadi.

Na san abin da ke zuciyar mutane da yawa, domin yana tawa zuciyar. Mu ma ba mu fita daga wuta ba. Bokkos da Barkin Ladi sun yi Kirsimetin 2023 cikin jini. Yelwata ta Binuwai ta binne fiye da mutum ɗari a watan Yunin 2025. Kudancin Kaduna, Zamfara, Katsina, Neja, kowace da nata makokin. Leah Sharibu ba ta dawo ba tun Fabrairun 2018. Kuɗin mudun hatsi ya sa iyaye suna tsallake abincin rana. Da wane ƙarfi za mu ɗauki kayan wani?

Ban raina wannan tambaya ba, kuma ba na cewa a cire loma daga bakin marayan Mangu a kai Darfur. Namu suna nan a wuyanmu, a ci gaba da riƙe su. Amma ku buɗe wasiƙar Manzo Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura ta 8 da ta 9, ku duba su wa ya kafa misali da su sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima. Bai kafa misali da attajiran Korinti ba. Ikkilisiyoyin Makidoniya ya nuna, mutanen da ke cikin tsanani da talauci, waɗanda da bakinsu suka roƙa kada a bar su a baya wajen bayarwa. Ba su taɓa ganin mutanen Urushalima ba, harshensu daban, al'adarsu daban. Ikkilisiyar da ta ce sai ta warke sarai kafin ta duba wani, har Almasihu ya dawo ba za ta ba da ko sisi ba. Ina kuma tsoron wani abu a kanmu: mun daɗe muna ba duniya labarin wahalarmu har mun fara ɗaukar kanmu masu karɓa kawai. Wannan ba siffar ikkilisiyar da ta aika masu bishara daga Jos da Kagoro da Numan zuwa ƙasashen waje ba ce. Muna da hannun bayarwa, kada wahala ta shanye mana shi.

Akwai wata maganar da ake faɗa a ɓoye, gara a fito da ita fili. Ai Musulmi ne suke kashe junansu, ina ruwanmu? Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Ranar 23 ga Yuni 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai a fara da shi. Bai tambayi kowa addininsa ba. Bishop Stephen Dami Mamza na Yola, da ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje 86 a Sangere-Marghi, ya gina musu majami'a ya kuma gina masallaci, domin a cikin waɗanda suka kwana a harabarsa akwai Musulmi. An zarge shi, bai janye ba, kuma shi ke da gaskiya. Basamariyen da Ubangijinmu ya yaba bai tsaya binciken asalin wanda ya tarar a kwance ba. Baikon da muke kira a tara, Kiristan Nuba zai ci, Musulmin Masalit zai ci, Bahaushen Maiwurno zai ci. In an sa masa sharaɗin addini, ya tashi daga baiko ya koma ciniki.

Su kansu mutanen Sudan haka suke yi. A unguwannin Hartum da Umdurman da sansanonin Darfur, matasa sun kafa ƙungiyoyin sa kai suna dafa abinci a manyan tukwane, wake ko fate, sau ɗaya a rana, duk wanda ya zo da kwano a zuba masa. Takiyya suke kiran irin wannan madafa, tsohuwar al'adar ciyarwa ce ta zawiyoyi. 'Yan'uwansu da ke ƙasashen waje suna turo kuɗi ta waya, su kuma su shiga kasuwa ƙarƙashin ruwan harsashi su sayo hatsi da gawayi. Ɓangarorin biyu sun kama su, sun kashe wasunsu, ba su daina ba. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025, masu gudanar da madafun suka ce kusan kashi 80 cikin 100 sun rufe. Tukunya ta sauka daga murhu saboda an sa hannu a wata takarda a Washington. Guguwar nan ta taɓa mu ma, domin a shekarar ce Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin yanke tallafi a arewa maso gabashin Nijeriya. Manyan ƙasashe suna janye hannu. Chadi, da duk talaucinta, ta karɓi sama da mutum 800,000 daga Sudan tun 2023, ƙari a kan waɗanda ke zaune a sansanoninta tun rikicin Darfur na farko. In Chadi ta iya buɗe ƙofa, Nijeriya ba ta da hujjar naɗe hannu.

To me za a yi? A sa rana. Kowace ikkilisiya ta ware Lahadi guda domin Sudan, a sanar da ita makonni kafin ta zo, a yi wa'azi a kanta, a kira sunayen garuruwan a cikin addu'a ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗauki baiko na musamman wanda ba za a haɗa shi da kuɗin gini ko na sayen janareta ba. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar masara, ko damin dawa, ko kaza, kamar yadda muke yi a godiyar kaka, a yi gwanjonsu a harabar majami'a. Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku kuka fi kowa sanin wannan aiki. Ku kuke tara mudu-mudu ku kai gidan makoki, ku kuke ɗinka anko na dubban nairori domin taron shekara. Ku ɗauki wannan a hannunku, in kun tashi babu dattijon da zai iya zama. Matasa da 'yan mawaƙa da 'yan Birged, ku yi wankin mota, ku yi noman ƙodago na yini guda, ku zuba. Majami'u dubu, kowace ta tara naira 20,000, an sami naira miliyan 20, kuma majami'un da ake sujada da Hausa a cikinsu, daga Zonkwa zuwa Biu, daga Maraɗi zuwa Garwa, sun ninka dubu sau da yawa. Masu hali a cikinmu, waɗanda ke ba da miliyoyi a bikin ƙaddamar da gini a tafa musu, ga inda Ubangiji zai gani ko ba a tafa ba.

A aika kuɗi, kada a tara tsofaffin tufafi. Kuɗin ɗaukar buhun gwanjo daga Jos zuwa Adire ya fi abin da ke cikin buhun, alhali kuɗi na isa cikin kwanaki, a sayi hatsi da magani a kasuwar da ke kusa, ɗan kasuwar wurin ma ya samu.

Sai maganar amana, wadda ita ce take kashe zuciyar masu bayarwa. Duk mun taɓa jin an tara gudummawa ta bi ruwa. Bulus ma ya san haka, shi ya sa bai ɗauki kuɗin Urushalima shi kaɗai ba, ikkilisiyoyi suka zaɓi mutanen da za su raka shi domin kada a sami abin zargi. Mu bi wannan tsari. A ƙirga baikon a gaban shaidu, ma'aji ya karanta jimla a gaban jama'a, a kawo takardar banki a manna a allon sanarwa. Kada a tura ko kwabo zuwa lambar asusun da aka gani tana yawo a WhatsApp tare da hoton yaro mai tamowa, mazambata sun iya kuka. Hanyoyi na gaskiya suna nan. Katolika suna da Caritas, wadda ke da rassa a Nijeriya da Chadi da Sudan. Angilikan suna da lardin Sudan da bishop-bishop da aka san su da suna. LCCN mamba ce a Tarayyar Lutheran ta Duniya, wadda Akbishop Musa Panti Filibus ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023, kuma tarayyar tana aiki da 'yan gudun hijirar Sudan a gabashin Chadi. ECWA tana da SIM da Sudan Interior Church. COCIN da 'yan'uwanta na TEKAN suna da dangi a Duwatsun Nuba. Akwai kuma Majalisar Ikkilisiyoyin Sudan. Babu ɗarikar da za ta ce ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Iyayenmu shugabannin CAN da TEKAN da shugabannin ɗariku, da girmamawa nake roƙonku: ku fitar da wasiƙa guda a karanta a dukan majami'u, ku buɗe asusu guda mai masu sa hannu sanannu, ku buga rahoton abin da ya shiga da inda ya tafi. Tun da zumunta a ƙafa take, ku tura wakilai su je Adire su gaishe da mutanen nan ido da ido, su dawo su faɗa mana abin da suka gani. Ku gayyaci limamai da ƙungiyoyin agaji na Musulmi a yi tafiyar tare, domin su ma jininsu ne ke can. Ku kuma ɗaga murya ga gwamnatin tarayya da Tarayyar Afirka a kan a buɗe hanyoyin kai agaji, a daina tura wa janar-janar ɗin nan makamai.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da kuka karanta wannan, kada ku jira wasiƙa daga hedikwata. Lahadi mai zuwa, in an tashi daga sujada, kada ku wuce gida. Ku tsaya ku ga fasto da sakataren ikkilisiya, ku nemi a sa maganar Sudan a zaman dattawa na gaba, ku ce a tsayar da rana kafin wata ya ƙare. In an ce wa zai riƙe aikin, ku ba da sunanku, ku kuma fara ajiye naku baikon tun daga wannan mako.